Yabon Kai Jahilci Ne, To Ɓoye Kai Fa?

Ina so in yi amfani da wannan fili in yi magana da 'yan'uwana matasa, maza da mata, waɗanda suka ƙare makaranta suna yawo da babbar ambulan daga wannan ofis zuwa wancan, ko kuwa suna zaune a shagon kwamfuta suna ta aika takardun neman aiki ta intanet, shiru kamar an shuka dusa. Maganar kuwa a kan takardar nan ce da mai neman aiki yake jera karatunsa da ayyukansa a ciki, wadda kowa ya fi sani da si-bi. Sunan daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa kuwa tafiyar rayuwar mutum, ina kuma tsammani sunan nan yana cikin abin da ke ɓatar da mu, gama da yawa sun ɗauka ana so ne su ba da labarinsu tun daga ranar suna. Alhali kuwa wanda zai ɗauki ma'aikaci tambaya biyu ce kawai a ransa: shin wannan mutum zai iya aikin da nake da shi, wa kuma zai tabbatar mini da haka?

Na san abin da wani zai ce tun kafin in yi nisa. Zai ce, malam, daina wahalar da kanka, a ƙasar nan aiki sai da hanya, wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ba zan ƙaryata shi ba. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, sa'ad da hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa. Fiye da mutum dubu 500 ne suka nema, kowa ya biya Naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba, mutane kuma suka rasa rayukansu a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A irin wannan wuri babu takardar da za ta ceci mutum. Haka nan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu neman abin yi ba su da aiki. A 2023 ta sake hanyar lissafi, ta yadda duk wanda ya yi aikin kuɗi ko da na awa ɗaya a mako an ƙirga shi cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Alƙaluma sun canja, layin masu nema a bakin ofis kuwa yana nan.

Amma fa ba duka aiki ne na gwamnati ba. Akwai makarantu masu zaman kansu, da asibitocin mishan da na 'yan kasuwa, da kamfanonin taki da na abincin kaji, da ƙananan bankuna, da ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri da Yola da Damaturu. Waɗannan kuɗinsu suke biya, ba su kuma son ɗaukar wanda za su kora bayan wata uku. Daɗin daɗawa, ko shi mai hanyar, in ka je ka durƙusa gabansa, abin da zai fara ce maka shi ne, turo mini takardarka. Ita zai miƙa wa wani, wanin kuwa bai san ka ba, bai san mahaifinka ba. Saboda haka takardar nan ce take tsaya maka a ɗakin da ba ka ciki.

To, me muke aikawa ta tsaya mana? Duk wanda takardun matasanmu suka bi ta hannunsa ya san amsar. Yaro ya tafi shagon buga takardu, ya ce a yi masa si-bi. Mai shago ya buɗe ta wanda ya zo jiya, ya share suna ya sa nasa, ya canja makaranta, ya karɓi kuɗinsa. Sai ka ga mutum 20 daga gari ɗaya duk burinsu ɗaya, watau su yi aiki a babbar ma'aikata inda za su ba da gudummawa don cimma manufofinta. Dukansu masu ƙwazo ne, masu gaskiya, masu iya aiki da jama'a, masu jure matsi. Dukansu kuma abin da suke sha'awa shi ne karatu da tafiye-tafiye da saduwa da mutane, ko da mutum bai taɓa wuce Kafanchan ba. Har kuskuren rubutu ɗaya za ka tarar ya bi takardun duka kamar gado. Wani kamfanin Amurka mai haɗa masu neman aiki da ma'aikatu, Ladders, ya auna a 2018 ya ce masu tace takardu sukan yi wajen daƙiƙa 7 ne a kallon farko. Ko a ce namu sun fi haƙuri sun yi minti guda, akawun da aka jibge wa takardu 400 a tebur yana ganin wannan jimla ta buri ya san daga ina ta fito, ya ajiye gefe.

A ganina tushen matsalar ya wuce lalaci. An tarbiyyantar da mu da kunya. Tun muna yara muke jin cewa yabon kai jahilci ne, yaron kirki ba ya tsayawa gaban manya ya ce na yi, na yi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na kuma so a rabu da ita. Sai dai ga abin da take haifarwa a kan takarda: mutum yana jin nauyin faɗin abin da ya aikata da hannunsa, sai ya ɓoye shi, sa'an nan ya aro kirarin da mai shago ya tanada ya yafa. Abin mamaki, abin da ya aro ɗin shi ne ainihin yabon kai. In ka ce kai mai gaskiya ne mai ƙwazo, kanka ka yaba, ba kuma wanda zai iya aunawa. Amma in ka ce ka riƙe kuɗin ƙungiya shekara uku, an bincika littafinka kowace shekara ba a sami gibi ba, rahoto ka bayar, kamar yadda ma'aji yake tashi ya karanta lissafi a taron shekara, ba kuwa mai cewa yana fahariya. Mai karantawa shi zai yanke da kansa cewa kai mai gaskiya ne.

Bari in ba da misalai, gama a nan ne aikin yake. A ce yarinya ta yi bautar ƙasa a wata sakandaren ƙauye. Abin da takan rubuta shi ne, malamar makaranta, shekara kaza. Shi ke nan. In ka zaunar da ita ka tambaye ta, sai ka ji ta koyar da lissafi a aji uku, yara wajen 180, ita ta shirya 'yan aji shida don jarrabawar fita, ita kuma ta riƙe rajistar sakamako ta makarantar duka a kwamfuta domin ba wanda ya iya sai ita. Duk wannan ta bar shi a baki. Ya kamata ta rubuta darasin, da yawan yaran, da aikin rajistar, in kuma tana da tabbacin yawan waɗanda suka ci jarrabawar, ta sa. In ba ta da tabbaci, kada ta ƙirƙira.

Ko a ce saurayi ya gama difloma, ya yi shekara biyu bai sami aikin ofis ba, yana zaune a rumfar cire kuɗi ta POS. In ka ce ya rubuta, sai ya ce ai wannan ba aiki ba ne, zaman jira ne. Alhali kullum kuɗin mutane suna bi ta hannunsa, yana daidaita lissafi kowane dare, yana fama da banki in kuɗi sun maƙale, yana lallashin wanda aka cire masa kuɗi bai samu ba. Ƙaramin banki da ke neman mai karɓar kuɗi me yake nema in ba wannan ba? Haka wanda ya yi noman rani, ya ɗauki 'yan ƙwadago goma, ya sayi taki da iri, ya kai tumatir kasuwa ya fitar da riba ko hasara a rubuce. Haka wadda ta koyar ƙarƙashin shirin N-Power da aka fara a 2016, da wanda ya yi watannin koyon aiki a masana'anta lokacin yana ɗalibi, da wadda ta bi gida gida a aikin rigakafin shan inna tana cika takardun ƙidayar yara. Duk ayyuka ne da suke da suna, da wuri, da lokaci, da mutumin da ya gani.

Haka batun hidimar da matasa ke yi a ikkilisiya ko a masallaci ko a ƙungiyar ci gaban gari. Wasu sukan cika rabin shafi da sunayen ƙungiyoyin da suke ciki, wasu kuwa su share duka don tsoro. Dukansu sun kauce. Zama memba kawai ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki kome. Amma in kai ne sakataren zumuntar matasa ta gunduma, kana rubuta rahoton taro, ka shirya taron kwana uku na mutum 300 da abincinsu da masaukinsu, wannan aikin gudanarwa ne, sai ka rubuta shi da harshen aiki, ka faɗi abin da ka shirya da yawan mutane da kuɗin da ka riƙe.

Abu na biyu da nake so a lura da shi, takarda ɗaya ba ta isa kowane aiki ba. Akwai wani tsohon misali da nake jin daɗinsa. Wajen shekarar 1482, Liyonado da Binci, mutumin Italiya, ya rubuta wa mai mulkin birnin Milan wasiƙar neman aiki, wadda wasu ke ɗauka ita ce kakar irin wannan takarda. Duniya ta san shi da zane, shi ne kuma daga baya ya zana hoton Jibin Ƙarshe da ke rataye a gidaje da yawa. Amma ya san mai mulkin nan yaƙi ne a gabansa. Saboda haka ya jera masa abubuwa wajen goma kusan duk na yaƙi: gadoji marasa nauyi da za a iya ɗauka, da hanyar janye ruwan ganuwa, da igwa, da haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Sai can ƙarshe ya ambaci gini da sassaƙa da zane. Ya kuma rufe da cewa in ana shakkar wani abu a ciki, a shirye yake ya gwada a gaban mai mulkin. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye zanensa ba, ya dai sa abin da mai karatu ke bukata a gaba.

Kai ma haka za ka yi. Ka karanta sanarwar aikin sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin abin da suka ce suna so, sa'an nan ka duba cikin abin da ka taɓa yi wanne ne ya amsa kowane ɗaya. Shi za ka ɗora a sama, ka kuma yi amfani da kalmomin da su suka yi amfani da su, muddin gaskiya ne. Wannan yana da wani amfani kuma, gama manyan kamfanoni da ƙungiyoyin waje da dama na'ura ce take fara tace musu takardu, tana neman kalmomin da ke cikin sanarwa, kafin idon mutum ya gani. In aikin yana bukatar rajista, lambar rajistar ta fito fili a shafin farko. Malamin makaranta ya nuna ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, nas da ungozoma su nuna lasisinsu da ranar ƙarewarsa. Mai iya harsuna ya faɗa. Ƙungiyar da za ta yi aiki a ƙauyukan Borno ko Adamawa tana iya fifita mai jin Kanuri ko Fulatanci ko Margi a kan mai babban digiri, mu kuwa mun raina harsunanmu har ba ma ganin sun isa shiga takarda.

Batun tsari ba shi da wuya. Suna da lambar waya da adireshin imel a sama. Aikin da ka yi na baya-bayan nan shi ne farko, kana komawa baya, haka ma karatu. Wanda ya fito makaranta kwanan nan shafi ɗaya ya ishe shi, mai shekaru a aiki shafi biyu. Ba a bukatar zanen furanni a gefe ko rubutu kala uku. Turancin ya zama mai sauƙi, a kuma ba wani wanda ya fi ka ya duba, gama kuskure a sunan makarantar da ka yi shekara huɗu a ciki abin kunya ne.

Sai jerin nan da mai shago ba ya mantawa: jinsi, aure, ƙabila, addini, jiha, ƙaramar hukuma, har da tsawo. A nan sai a bambanta. In aikin gwamnatin tarayya ne, za a tambayi jiharka da ƙaramar hukumarka da takardar shaidar asali, domin tsarin mulki na 1999 ya ce a raba muƙamai yadda za su nuna kowane sashe na ƙasa, akwai kuma hukumar da aka kafa tun 1996 don lura da wannan. A can ka rubuta, ka kuma tabbata abin da ka rubuta ya yi daidai da takardar da ke hannunka. Amma kamfani ko ƙungiyar da ba ta tambaya ba, me ya kai ka? Ra'ayina shi ne a bar ƙabila da addini da batun aure a waje, sai fa in aikin na majami'a ne ko na wata cibiyar addini inda abin ya shafi aikin kansa. Ba don mutum yana kunyar abin da yake ba. Dukanmu mun san a ƙasar nan akwai inda layin nan ɗaya zai sa a ture takardar Kirista, akwai kuma inda zai sa a ture ta Musulmi, tun ba a kai ga karanta abin da ya iya ba. Ke kuma 'yar'uwa, rubuta cewa kina da aure da yara uku ba ya ƙara miki maki, sai dai ya ba wani dalilin zato. In suna son sani, su tambaya a ganawa, inda kike da bakin amsawa.

Yanzu ga wurin da nake so in daɗe, watau shekaru da takardun shaida. Jarabar tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Bankuna da kamfanoni da yawa sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata, wasu 26 wasu 27. Yaron da ya fara firamare a makare domin kiwo, ya zauna gida shekara biyu yana jiran gurbin jami'a, sa'an nan yajin aikin malaman jami'a ya cinye masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, yana fitowa an riga an rufe masa ƙofa ba da laifinsa ba. Wannan rashin adalci ne, ya kuma kamata masu wannan doka su sake tunani. Sai abokai su ce masa, je kotu ka yi rantsuwar shekaru ka rage huɗu, kowa haka yake yi.

Dā can mai yiwuwa a sha da shi. Yanzu ranar haihuwarka tana zaune a wurare da yawa da ba su san juna da kai ba: tana cikin lambar BVN ta banki da aka fara a 2014, tana cikin lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu jarrabawa tun 2021, tana kuma cikin takardun makarantun da ka bi. Ko ba na'ura ma, lissafi kaɗai ya isa. Mutum ya rage shekara biyar, ya manta ya rubuta shekarar da ya gama firamare, sai mai dubawa ya ƙirga ya ga ya gama aji shida yana ɗan shekara shida. Ba sai an kira 'yan sanda ba, murmushi kawai za a yi a ajiye takardar. In kuma ya tsallake ya shiga aikin gwamnati, inda ake ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, ƙaryar tana biye da shi a fayil har ranar da za a zo tantance ma'aikata, lokacin yana da iyali da 'ya'ya a makaranta.

Manya ma ba su tsira ba. A 1999 Salisu Buhari daga Kano ya zama shugaban Majalisar Wakilai. Ya ce an haife shi a 1963 alhali 1970 ne, ya kuma ce yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta Kanada. Mujallar The News ta tona, jami'ar ta ce ba ɗalibinta ba ne, cikin watan Yuli na shekarar ya sauka yana hawaye, bai cika wata biyu a kujerar ba. An yi masa afuwa daga baya, amma har yau in aka ce Toronto a zancen siyasar ƙasar nan kowa ya san abin da ake nufi. A watan Satumba na 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki a kan takardar yafe bautar ƙasa da aka gano ta jabu ce. Ta ce wasu ne suka karɓo mata, ba ta san ba ta gaskiya ba ce. Abin tausayi, a 2021 wata babbar kotun tarayya ta yanke cewa tun farko ma ba ta bukatar takardar. Watau takardar da ba dole ba ce ta raba ta da kujera. Darasin da ke nan ga ƙaramin mai neman aiki shi ne, kada ka aiki kowa ya karɓo maka takardar shaida ta bayan gida, kada kuma ka sa wani abu a si-bi da ba ka san asalinsa da kanka ba. Tun kuma da wani ɗan jarida, Umar Audu, ya nuna a ƙarshen 2023 yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo a farkon 2024, ma'aikatu sun ƙara buɗe ido. Dokar hukunta laifuka ta Arewa kuwa ta daɗe da tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai ƙirƙirar takardar jabu.

Akwai ƙananan ƙarairayi kuma da ba ma ɗauka ƙarya ne. Mutum ya rubuta ya ƙware a kwamfuta domin yana da waya. Ya yi wata uku a wuri ya mai da shi shekara. Yana share shago ya kira kansa manaja. Ranar ganawa sai a ajiye masa kwamfuta a ce ya tara waɗannan lambobi a jadawali, gumi ya karyo. In akwai shekarun da ka zauna ba aiki, kada ka cike su da iska. Rubuta abin da ka yi a ciki, ko noma ne, ko jinyar mahaifi, ko koyon ɗinki. Mai ɗaukar aiki ɗan ƙasar nan ne, ya san yadda zama yake.

Sai masu shaida, waɗanda ake sa sunayensu a ƙarshe. A nan ina magana ne a kan abin da ke zuwa ƙofata, gama aikin katikis ya sa matasa sukan sa sunana. Sau da yawa sai dai in ji waya daga wani ofis ana tambayata wane, ni kuwa ban san ya nemi aiki ba, ban san wane aiki ba ne, wani lokaci ma sunan makaranta aka kira ni kuwa da sunan gida na san shi. Shirun da zan yi ina tunani, mai tambaya ya riga ya fassara shi. Ka je ka gaida mutum, ka nemi izininsa, ka ba shi kwafin takardarka, ka gaya masa aikin da kake nema. Sa'an nan ka zaɓi waɗanda suka ga aikinka da idonsu. Shugabar makarantar da ka koyar ta fi maka sanatan da bai taɓa ganinka ba. Fasto ko liman ko mai unguwa yana iya shaidar halinka, wannan kuwa yana da daraja, amma ba zai iya cewa ka iya haɗa magani ko gyaran injin ba, saboda haka kada masu shaidarka uku su zama duk shugabannin addini. Mu ma da ake sa sunayenmu, ya kamata mu daina sa hannu a kan yabon da ba mu gani ba, gama in muka shaidi kowa da kalma ɗaya, shaidarmu ta daina amfanar yaron kirki.

Kada masu sana'ar hannu su ce wannan zancen 'yan digiri ne. Makaniki da mai walda da mai haɗa wutar sola da direba duk ana tambayarsu takarda yanzu in za su shiga kamfani. Ka rubuta wurin wanda ka koya, shekara nawa, irin injinan da ka taɓa, manyan ayyukan da ka gama da inda suke, don a iya zuwa a gani. In kana da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, mai mataki uku zuwa ɗaya, ko ta hukumar NABTEB, ka sa. Direba ya faɗi ajin lasisinsa da hanyoyin da ya saba bi.

Wajen aikawa, kada ka ɗauki hoton takarda da waya ka tura, gama na'urar tacewa ba lalle ta iya karanta hoto ba, mutum ma yana shan wuya. A tura ta a fayil na PDF mai ɗauke da cikakken sunanka. Adireshin imel ya zama sunanka ne, ba laƙabin da abokai suka sa maka a makaranta ba. Lambar BVN da ta asusun banki da ta shaidar ɗan ƙasa ba su da wuri a si-bi, domin takarda ce mai yawo hannu hannu, 'yan damfara kuma sukan kafa sanarwar aikin ƙarya don su tara irin waɗannan. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka, ka kama kanka. Lambar wayar da ka sa kuwa ta zama wadda ke hannunka, mai caji, ba ta yayanka da ke Legas ba. In kana zaune inda sabis ke wuya, ka ƙara lamba ta biyu ta wani na gida da ka riga ka gaya masa, wanda in baƙuwar lamba ta kira zai amsa da ladabi ya rubuta saƙon, domin akawun da ke da sunaye 30 a gabansa ba safai yake kira sau uku ba.